Zauren wasannin jami'a: na 'yan wasa ne ko na masu taro?

Malam Garba, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar da aka soma jiya a kan zauren wasannin jami'a, ko na 'yan wasa ne ko na masu taro, ta tsaya a tsakiya, ga shi kuwa akwai masana a nan. Bari in shimfiɗa tarihin tukuna, sai masu aikin hannu su ɗora. An buɗe ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a watan Oktoba na 1962, kuma harabar Samaru ba daga daji aka sare ta ba, gadonta aka yi daga tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya ta Najeriya da ke wurin tun shekarun 1950. Tsarin Turawan Ingila shi ne duk makarantar kwana sai da filin ƙwallo da na guje-guje, saboda haka fili ya riga zaure. An kafa NUGA, ƙungiyar wasannin jami'o'in Najeriya, aka yi gasar farko a Ibadan a 1966, lokacin jami'o'in ƙasar biyar ne kacal: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife da Zariya. Daga nan gasar ta riƙa zagayawa, ta zo Zariya fiye da sau ɗaya, har da ta 2001. Abin lura, kusan duk wani babban gini ko gyaran wasanni a jami'o'inmu, in ka bi diddiginsa, za ka tarar karɓar baƙuncin gasa ne ya haife shi. Gasa ta zo, kuɗi su fito, a yi gini cikin gaggawa, baƙi su watse, sai a bar daraktan wasanni da makulli ba kasafin kulawa. Daga nan zauren yake komawa na jarrabawa, na lacca, na rantsar da sababbin ɗalibai, wani lokaci har na walimar aure. Tambayata: wannan ba da shi haya don taro ita ce ke raya zauren ko ita ke kashe shi?

Koci Danladi:
Wa alaikumus salam Malam. Kashe shi take yi, ba wani kwana-kwana. Kuma kada a manta abin da filin wasa na jami'a yake haifarwa in an bar shi ga masu shi. Ƙwallon kwando a Zariya ya yi suna ne saboda akwai wurin atisaye a ABU da kuma koci tsayayye, Oliver Johnson, Ba'amurken da kowa ya sani da OBJ, wanda ya shafe shekaru da dama yana horar da yara a can. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a hannun OBJ ya goge, shi ne kuma shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Irin wannan ba ya fitowa daga zauren da ake rufewa mako uku saboda jarrabawa, a sake rufe shi kwana huɗu saboda ana jera kujerun taro. Ɗan wasa yana buƙatar atisaye sau biyar ko shida a mako, awa biyu kowane zama. Ka katse masa wata guda kafin gasa, numfashinsa ya tafi, saitin hannunsa ya tafi.

Injiniya Hauwa:
Koci, ina tare da kai rabi. Matsalar ba taron ba ce ita kaɗai, yadda ake shigar da taron ne a kan daɓen da ba a yi shi don haka ba. Bari in yi bayanin daɓen, don a nan kuɗin suke.

Daɓen katako na zauren wasa hawa-hawa ne. Daga ƙasa akwai kankare, wanda dole ya bushe sosai kuma ya daidaita, kuskuren bai wuce milimita 3 a cikin mita 3 ba. A kansa leda mai kauri wadda ke tare laimar ƙasa. Sai ƙananan matasan roba, sai katakon gindi ko falayawud hawa biyu, sannan katakon sama mai shiga juna, faɗinsa kamar milimita 57, kaurinsa wajen 20. Waɗannan matasan robar su ne ke sa daɓen ya ɗan lotsa in ɗan wasa ya diro, gwiwa da idon sawu su huta. Kankare tsurarsa ba ya lotsawa, shi ya sa yaran da suka tashi a filin siminti suke fama da gwiwa da wuri.

Abokin gabar katako a ƙasarmu shi ne bambancin iska tsakanin hunturu da damina. Masu ƙera irin wannan daɓe suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. Mu kuwa a Kaduna da Zariya, a Janairu tana iya sauka ƙasa da 20, a Agusta ta haura 80. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake motsawa ba ta tsawo ba. Kowane falle zai iya motsawa kusan milimita ɗaya tsakanin lokutan biyu. Daɓe mai faɗin mita 20 yana da falle wajen 350, ka ga jimilla ta haura santimita 20 in da za a bar shi sakaka. Shi ya sa ake barin rata ta santimita 4 zuwa 5 a jikin bango ta kowane ɓangare, a rufe ta da dogarin bango mai huji don iska ta zagaya ƙasa, a kuma bar 'yar siririyar rata bayan kowane 'yan layuka. Kafinta da bai san aikin ba yana ganin ratar sai ya ɗauka aibi ce, ya cike ta da siminti. Damina ta farko daɓen ya rasa inda zai je, ya tashi kamar kabari a tsakiyar fili. In kuma a Agusta aka shimfiɗa shi a matse, Janairu na zuwa za ka ga tsaga tsakanin falle da falle har kwabo ya shige. Katakon sai ya kwana a cikin zauren aƙalla mako ɗaya ko biyu, a buɗe, kafin a buga ƙusa ko ɗaya, kuma a auna danshinsa da na'ura, ba da tafin hannu ba.

Bala Kafinta, Panteka:
Injiniya ta gama magana. Abin da zan ƙara shi ne gara. Katakon gindi ne take fara ci, ba na sama ba, saboda haka ido ba ya gani sai ƙwallo ta daina tashi a wurin. Mai kula da zaure ya ɗauki ƙwallo ya bi filin yana bugawa taku-taku sau ɗaya a wata. Inda sauti ya canza ya koma "buf", a yi alama da alli, a ɗaga falle a duba. Ko gara ce, ko ruwa ya kwanta a ƙasa.

Malam Garba, Unguwar Rimi:
To Injiniya, kujerar fa? Ita ce Koci yake kuka da ita.

Injiniya Hauwa:
Lissafi ne mai sauƙi, Malam. Mutum mai kilo 70 a kan kujerar ƙarfe wadda robar ƙafarta ta fita, kowace ƙafa tana taɓa ƙasa da abin da bai fi santimita ɗaya murabba'i ba. Kilo 17 ke nan a kan ɗigo ɗaya, in ya jingina baya a kan ƙafa biyu ya ninka. Ɗalibi dubu a jarrabawar awa uku, kowa yana jan kujera gaba da baya, ga yashin da takalma suka shigo da shi yana aikin sandifefa. Fanish ɗin ya tafi, layukan fili su goge, sannan mai shara ya zo da bokiti ya kwarara ruwa. Wannan ruwan ya fi kujerar ɓarna. Daɓen katako ba a wanke shi, busasshen mofa ake bi da shi kullum, mai ɗan danshi sau ɗaya a mako.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A share filin tas kafin a rufe shi, don yashin da aka rufe a ƙasa ya fi wanda ke sama illa. A shimfiɗa mayafin daɓe, ko leda mai kauri ta nadi ko kafet mai falle-falle, a haɗa bakinsu da tef a kan junansu, kada tef ya taɓa katakon. Dandamali da manyan lasifikoki a ɗora su a kan falayawud mai kaurin milimita 18 don nauyin ya bazu. A kwashe mayafin cikin kwana ɗaya ko biyu bayan taro, domin in ya daɗe laima tana taruwa a ƙarƙashinsa. Kowace shekara a ɗan goge saman a sake fanish. Gogewa har zuwa farin katako kuwa sai bayan shekara takwas zuwa goma, kuma ba ta wuce sau biyar ko shida a rayuwar daɓen, saboda naman da ke saman haɗin bai fi milimita 6 ba. Duk wanda yake kawo injin gogewa duk shekara biyu don zaure ya yi ƙyalli a idon baƙi, cinye daɓen yake yi.

Hajiya Rabi, Malali:
Ku yi haƙuri in shigo ta ɓangaren kuɗi, don kowa yana magana kamar fanish da dizal daga sama suke faɗowa. Koci, in an hana haya, wa zai biya? TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu wadda ta gaji asusun ilimi na ETF a 2011, aikinta gini da gyara da kayan aiki, ba ita ke sayen dizal ɗin ranar Talata ko biyan mai shara ba. Kuɗin wasanni da ɗalibi ke biya a rajista ba ya isa ko tafiyar tawaga zuwa gasa. Haya ce kaɗai hanyar da zaure yake samar da nasa. Inda gizo ke saƙar shi ne, tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA a 2015, kuɗin shigar jami'ar tarayya suna faɗawa tukunya guda, kuma dawo da su zuwa ga zauren da ya samo su sai an bi takarda ofis-ofis. Zaure ya sha wahalar taron, kuɗin su tafi wani wuri. Abin da ya kamata majalisar gudanarwar jami'a ta rubuta shi ne kaso tsayayye, ko da kashi 30 ko 40 na kowace haya, ya koma layin kula da zauren, kuma mai haya ya ajiye kuɗin jingina wanda ba za a mayar masa ba sai an zagaya da shi an duba daɓe, banɗaki da kujeru.

Koci Danladi:
Hajiya, na yarda da kaso. Amma a haɗa da kalanda. Makonni shida kafin kowace gasa, ba haya, ko wane ne ya zo da takarda daga sama. Kuma makulli ya zauna a ofishin wasanni, ba a ofishin da ke karɓar kuɗin haya ba.

Hajiya Rabi, Malali:
Makonni shida sun yi yawa in ya faɗo a lokacin yaye ɗalibai, Koci. Huɗu dai.

Koci Danladi:
Yaye ɗalibai ai yana da dandalinsa a waje, Hajiya, rumfa ake kafawa. Ba shi ne ke cin zaure ba, jarrabawar manyan azuzuwa ce, kuma ita sau biyu take zuwa a shekara.

Usman Lantarki:
Kafin ku raba makonnin, akwai abin da ke sa zaure ya gaza a ɓangarorin biyu gaba ɗaya, wato wuta da sauti. Tsofaffin zaurukan da aka gina ko aka gyara kafin shekarun nan fitilun metal halaid aka sa musu. Suna ɗaukar minti biyar kafin su kai cikakken haske, in kuwa wuta ta ɗauke suna da zafi, sai sun huce minti goma zuwa sha biyar kafin su sake kamawa, ko da janareta ya tashi nan take. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wasa ya tsaya ke nan, taro kuma ya zauna a duhu. LED tana kamawa take, tana cin kusan rabin wutar. A ma'aunin ƙarfin haske da ake kira luks, atisaye yana buƙatar wajen 200 zuwa 300, gasa 500 zuwa 750, in za a nuna a talabijin sai an haura 1,000 da nisa. A raba fitilun layi uku a kan makunni daban-daban, don kada a kunna na gasa gaba ɗaya saboda mutum goma sha biyu suna atisaye. Kada kuma a saka fitila daidai saman kwando ko tsakiyar filin badminton, tana kashe idon mai kallon sama. Kowace fitila da kejin waya, saboda ƙwallon raga tana kaiwa can.

Sauti kuma, zauren wasa bango ne tsurara da kwano da daɓe mai sheƙi, amsa-kuwwa tana yin daƙiƙa uku ko fiye kafin ta mutu. Ga ihun 'yan kallo hakan daɗi ne, ga mai lacca azaba ce, domin magana tana son abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya da rabi ba. Masu kayan sauti sai su ƙara ƙarfi, abin ya ƙara cakuɗewa. Gyaran shi ne ƙananan lasifikoki da yawa kusa da mutane, a karkato su ƙasa, da allunan shanye sauti a saman bango daga mita 3 zuwa sama da ƙarƙashin rufi. Labule mai nauyi ma yana taimakawa ranar taro.

Baba Audu, Tudun Wada:
'Ya'yana, duk kun yi magana a kan dukiya, ba wanda ya taɓo rai. Mu a Kaduna ba ma buƙatar a ba mu labarin wata ƙasa. Filin wasa na Ahmadu Bello tun tsakiyar shekarun 1960 yake tsaye, ya ga gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, ya ga gasar matasa ta duniya ta 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Amma ranar 25 ga Maris 2016, da Najeriya ta kara da Masar aka tashi 1-1, Etebo ya ci, Salah ya farke a ƙarshe, an buɗe ƙofa kyauta. Filin da aka ƙiyasta wa mutum 16,000 ya ɗauki fiye da ninki biyu, mutane a kan turakun fitila da allon sakamako, hotunan suka zagaya duniya, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ci tarar Najeriya. Allah ne ya kiyaye. A Accra, 9 ga Mayu 2001, ba a tsira ba, mutum fiye da 120 suka rasu a turmutsutsu a bakin ƙofofin da suke rufe. Zauren jami'a ranar da aka kawo mawaƙi ko babban malami ya fi fili haɗari, don yana da rufi kuma ƙofofinsa kaɗan ne.

Injiniya Hauwa:
Baba ya kawo mu inda ya kamata. Akwai lissafin da ake amfani da shi, daga ƙa'idar kiyaye filayen wasa ta Birtaniya wadda aka fara fitarwa bayan mutum 66 sun mutu a filin Ibrox na Glasgow a 1971. Ƙofa mai faɗin mita ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana fitar da mutum 82 a minti ɗaya, a matakala 66. A ɗauki zaure mai mutum 3,000 da ƙofa huɗu, kowace mita ɗaya da rabi. Mita 6 ke nan, mutum 492 a minti, zaure ya fita cikin minti shida da 'yan kai. Yanzu mai taro ya sa sarƙa a ƙofa biyu don kada a shigo ba tikiti. Saura mita 3, lokaci ya koma minti goma sha biyu, kuma wannan in kowa yana tafiya a natse cikin haske. Hayaƙi ba ya ba da minti goma sha biyu. Sannan ranar taro ana jera kujeru a kan filin wasan kansa, wanda faɗinsa mita 28 ne da 15 ban da gefe, a ƙara mutum ɗari biyar ko fiye a kan adadin da aka zana ƙofofin dominsa. Saboda haka adadin zaure biyu ne, na ranar wasa da na ranar taro, kuma ƙofa ce ke yanke shi, ba yawan kujera ba. Ƙofofin su buɗe zuwa waje, da sandar turawa maimakon kwaɗo, mai gadi a kowace ɗaya, fitilar gaggawa mai batir a samanta, hanyar tsakanin kujeru kada ta gaza mita ɗaya da santimita 20, kujerun kuma a ɗaure su layi-layi don kada su zube su tare hanya.

Malam Garba, Unguwar Rimi:
To in jami'a za ta gina sabo yau, ko KASU ce, Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ko wata, katakon za a sake sawa?

Injiniya Hauwa:
In zaure ɗaya ne tak kuma an san zai yi jarrabawa da taro, ni ba zan ba da shawarar katako ba, Malam. Daɓen roba na zubawa ya fi dacewa: tabarmar roba mai milimita 7 zuwa 9 a manne da kankare, a zuba foliyuritan milimita 2 a kai, a ja layuka. Ba ruwansa da gara ko hunturu, yana jure mofa mai ruwa, in ya tsufa saman kawai ake sabuntawa. Sharaɗinsa kankaren ya bushe ƙarau kafin a manna, in ba haka ba ya yi ƙuraje ya ɓamɓare. A zana zauren a kan filin ƙwallon hannu, mita 40 da 20, don shi ne mafi girma, kwando da raga mai mita 18 da 9 da badminton duk suna shiga cikinsa. Tsayin rufi kada ya gaza mita 7 ba abin da ya rataya, 9 ya fi in ana son ƙwallon raga ta gaske. Sai ɗakin ajiya mai ƙofa a daidai daɓe, wanda zai ɗauki kujeru da mayafi da turaku, domin rashinsa ne ke sa a jibge kujeru a gefen fili shekara da shekaru.

Koci Danladi:
Roba ba ta kai katako daɗin gwiwa ba, Injiniya, kuma yawancin manyan gasannin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, a kan katako ake yin su.

Injiniya Hauwa:
Gaskiya ne Koci, shi ya sa ake da katako na haɗawa, falle-falle masu maƙalewa da juna, a shimfiɗa a kan robar lokacin gasa, ma'aikata goma su gama cikin yini, a kwance a mayar ɗaki bayan an tashi. Amma ɗakin nan dole ya zama busasshe, fallayen a kwance a kan katako ba a jingine da bango ba, in ba haka ba su lanƙwashe su ƙi haɗuwa.

Bala Kafinta, Panteka:
Ko katako ko roba, a fara da sama. A watan Afrilu, kafin ruwan farko, mutum ya hau ya kwashe ganye da leda da sheƙar tantabaru daga indararo, ya zuba bokitin ruwa a kowane bututu a ga ya fita ta ƙasa, ya canza ƙusoshin kwano da robarsu ta ƙone da rana. Indararon da ke ɓoye a bayan bango shi ya fi cutarwa, don in ya toshe ruwan cikin zaure yake juyowa, ta jikin bango, kai tsaye zuwa cikin ratar nan da Injiniya ta ce a bari. Hajiya, in za a rubuta kason nan, a sa wannan aikin a layin farko, kuɗinsa bai kai na galan biyu na fanish ba.